Ziyarar gonakin inabi a Montepulciano ga wanda ba ya shan giya

Wanda harkar kasuwanci ko karatu ko zumunci ta kai shi Italiya daga Garwa, Marwa ko Ngaundere, idan ya samu rarar kwana biyu ko uku, zai iya barin hayaniyar Roma ya leƙa Montepulciano. Ƙaramin gari ne a lardin Siyena, cikin yankin Toskana, yana zaune kan tsauni mai tsayin kusan mita 600, gonakin inabi da na zaitun sun zagaye shi ta kowane gefe. Sunansa ya fita a duniya ne saboda giyar da ake yi da inabinsa, kuma nan ne mutanenmu da yawa kan ja da baya. To amma garin bai ƙare a kwalba ba. Akwai noma da ya cancanci a je a gani, akwai gine-gine na shekara 500, akwai man zaitun da cuku. Abin da ke ɓata wa baƙo tafiya ba giyar ba ce. Rashin shiri ne: motar da ba ta zuwa ranar Lahadi, gonar da ba ta karɓar wanda bai sanar ba, da naman alade da ke ɓoye cikin miya.

Takardu, tun daga gida

Biza ce ta Shengen, ta gajeren zama, kwana 90 cikin kowane kwana 180. Ofishin jakadancin Italiya yana Yawunde, kuma dole mutum ya je da kansa saboda ɗaukar zanen yatsu, don haka a sa kuɗin motar Ngaundere da jirgin ƙasan dare cikin lissafi. Kuɗin bizar Yuro 90 ne ga babba. Da yake sefa a ɗaure take da Yuro, Yuro ɗaya sefa 655.957, wannan ya kama kusan sefa 59,000, kuma ba a mayar da shi idan an hana biza. Fasfo ya kasance yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka baro Turai, da shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba. Inshorar lafiya ta tafiya sai wadda za ta iya biyan kuɗin magani har Yuro 30,000. Ana iya shigar da takardu tun saura wata 6, amsa kuma kan ɗauki kwana 15, wani lokaci ta ja har kwana 45. Wanda ke son ganin girbin inabi a Satumba ya fara tun Yuni.

Wajen haɗa kaya, kilishi ya zauna a gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga ƙasashen waje, busasshe ne ko ɗanye, kuma ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Man shanu ma haka. Tsabar kuɗin da ta kai Yuro 10,000 sai an bayyana ta ga kwastan.

Daga Roma zuwa bakin ganuwa

Daga filin jirgin Fiumicino akwai jirgin ƙasa mai suna Leonardo Express da ke kai mutum babbar tashar Termini cikin minti 32. Daga Termini ka nemi tikitin tashar Chiusi-Chianciano Terme, wadda ke kan layin Roma zuwa Firenze, tafiyar kusan awa biyu a jirgin da ke tsayawa tasha-tasha. A nan ne kuskuren farko ke faruwa. Akwai wata tasha da aka rubuta mata Montepulciano Stazione, baƙo ya gani ya ɗauka ita ce, alhali tana can ƙasa cikin fili, kusan kilomita 10 daga garin, kan wani ƙaramin layi dabam, motocin da ke haɗa ta da gari kuma kaɗan ne. Chiusi ta fi.

Idan tikitin takarda ka saya na jirgin yanki, sai ka cusa shi cikin ƙaramar na'urar da ke bakin dandamali ta buga masa lokaci kafin ka hau. Tikitin da ba a buga ba daidai yake da babu, mai duba tikiti zai ci ka tara ko da ka nuna masa rasit.

Daga Chiusi bas ɗin kamfanin Autolinee Toscane ke hawa zuwa Montepulciano, ta biyo ta Chianciano Terme, kusan awa ɗaya. Ana sayen tikitinsa a shagunan taba masu alamar babban harafin T, ko ta manhajar kamfanin. Ranar Lahadi da ranakun hutu basukan suna raguwa ƙwarai, da dare kuma sukan ƙare da wuri. Babu 'yan babur masu ɗaukar fasinja, tasi ma ba tare ta ake yi a hanya ba, sai an kira ta, galibi tun kwana ɗaya kafin lokaci. Ka tsara isowarka ta faɗo ranar aiki, da rana tsaka.

Hayar mota ta fi ba da 'yanci, domin gonakin a warwatse suke, amma tana da nata tarkon. Lasisin Kamaru shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Mafi yawan motocin haya masu giyar hannu ne, ba otomatik ba. Sannan tsakiyar tsohon garin yanki ne da aka hana baƙin motoci shiga, alamarsa farin allo mai jan zobe da haruffa ZTL. Ba za ka ga ɗan sanda ba. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, tarar ta haura Yuro 80 a kowace shiga, kamfanin haya ya ƙara nasa kuɗin ya cire daga katinka bayan ka riga ka dawo gida. Taswirar waya ba koyaushe take gargaɗi ba. Ka ajiye mota a filayen da ke wajen ganuwa. Shuɗin layi na biya ne, fari kyauta, rawaya na masu izini.

Wane wata

Girbin inabi yakan kama daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba, kuma shi ne lokacin da gona ke da abin kallo, sai dai ma'aikata ba su da sukuni, dole a nemi lokaci tun da wuri. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ake tsinkar zaitun, injinan matsa mai suna aiki, ana samun sabon mai kore shar mai ɗan yaji a maƙogwaro. Ga wanda ba ya shan giya, a ganinmu wannan ne lokacin da ya fi dacewa, in dai zai jure sanyi da ruwan sama. Mayu da Yuni gari kore ne, yini dogo. Yuli da Agusta akwai zafi da cunkoso, ko da yake zafin ba abin da zai tsorata mutumin Garwa ba ne. Ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta ake gasar Bravio delle Botti, inda unguwanni 8 na garin ke fitar da maza bibbiyu su tura ganga mai nauyin kilo 80 su haura da ita tudu, sama da kilomita ɗaya da rabi, har babban dandali. A wannan mako masauki sai wanda ya kama tun watanni baya. Daga Disamba zuwa Fabrairu wurare da dama a rufe suke.

Gonar kanta

Ba a zuwa gonar inabi kwatsam. Mafi yawansu na iyali ne, mai zagayawa da baƙi sau da yawa shi ne mai aikin gonar, saboda haka ziyara da alƙawari ake yin ta, ta imel ko ta shafin gonar, aƙalla mako ɗaya kafin ranar. Zagaye yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma tsarinsa kusan iri ɗaya ne ko'ina: a fara da gona, a shiga ɗakin ganguna, a ƙare kan tebur da kofunan ɗanɗano. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ya kamata a warware tun cikin saƙon farko, ba sai an zuba maka ba ka fara kame-kame. Jimla biyu sun isa: “Non bevo alcolici. È possibile visitare la vigna e assaggiare solo l'olio?” Wato ba na shan barasa, ko zai yiwu in zagaya gona in ɗanɗana mai kawai? Gonaki da yawa suna da zaitun tare da inabi, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinsu a samu direba ko mai ciki ko yaro da ba ya sha. Wasu sukan rage farashi, wasu ba sa ragewa, ka tambaya.

Akwai batun addini da ba za mu tsallake ba. Malamai suna kafa hujja da hadisin da ya hana zama kan teburin da ake zagayawa da giya, don haka Musulmi da yawa za su tsaya a gona su bar teburin. Idan haka kake so, kada ka shiga zagayen taron jama'a, domin shi dole a tebur yake ƙarewa. Ka nemi zagaye na kanka, ko ka sauka a gidan gona mai karɓar baƙi, irin da suke kira agriturismo, inda kuringun inabi ke bakin ƙofarka, mai gida kuma zai nuna maka su ba tare da wani biki ba. Ɗan'uwa Kirista da ke sha, ya sani cewa iyakar barasa ga mai tuƙi a Italiya giram 0.5 ce a litar jini, wanda lasisinsa bai kai shekara 3 ba kuwa ko ɗigo ba a yarda ba. Bokitin da ke kan tebur na tofarwa ne, ba abin kunya ba ne a yi amfani da shi.

A cikin gona, ka duƙa ka dubi gindin itacen, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Za ka ga wani kumburi. Nan ne aka yi masa aure, kamar yadda masu lambu a bakin Binuwai ke yi wa mangwaro. Saiwar ta inabin Amurka ce, saman kuma na Turai. Dalili shi ne wani ƙaramin ƙwaro mai cin saiwa, filoksera, da ya shigo daga Amurka ya halaka gonakin Turai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Saiwar Amurka tana jure shi, ta Turai ba ta iyawa. Har yau kusan duk inabin yankin mai aure ne.

Ka lura kuma da yadda ake hana itacen yawan haihuwa da gangan. Cikin hunturu, wajen Janairu da Fabrairu, ana datse kusan dukkan rassan bara, a bar 'yan idanu kaɗan kan reshe guda da aka kwantar bisa waya. Da bazara, idan nonnan sun yi yawa, a tsinke wasu tun suna kore a zubar. Manomin da ya saba auna albarkar gona da yawan buhu zai ga abin kamar ɓarna, amma ƙa'idar giyar garin, Vino Nobile di Montepulciano, ta kayyade amfanin hekta ɗaya kada ya wuce tan 8, saboda itacen da ya ɗauki kaɗan shi ke tara zaƙi da launi a 'ya'yansa. Ƙa'idar ta kuma ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya zama irin Sangiovese, wanda mutanen garin ke kira Prugnolo Gentile, gonar kuma ta kasance tsakanin mita 250 da 600 daga matakin teku. A 1980 ne wannan giya ta samu lambar DOCG, mataki mafi tsanani a dokar Italiya, tana cikin na farko da suka samu.

Furen wardi da ake shukawa a bakin wasu layuka tsohuwar dabara ce ta gargaɗi: farar fumfuna takan bayyana a kansa da wuri, manomi ya san lokacin feshi ya yi. Feshin da farar wuta ake yi, da ruwan jan ƙarfe mai barin shuɗi-shuɗi a ganye. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan da ba a miƙa hannu a tsinki inabi ba izini. Idan an ba ka, za ka tarar ƙanana ne, fatarsu da kauri, cike da ƙwallo, amma sun fi na kasuwa zaƙi.

Bayan girbi ana cire sanduna, a farfasa 'ya'yan, a zuba su da fatarsu cikin manyan tankunan ƙarfe. Cikin mako biyu zuwa uku yis ke cinye sukarin ya mayar da shi barasa, yana fitar da iskar da ba ta da launi, mai nauyi, mai taruwa a ƙasa, wadda kan iya sumar da mutum. Shi ya sa lokacin girbi ake hana baƙi leƙa bakin tanki ko sauka wasu ɗakuna su kaɗai. Daga nan sai a ajiye giyar aƙalla shekara 2 kafin a sayar, aƙalla shekara ɗaya daga ciki a ganguna na katako, mai lakabin Riserva shekara 3. Sanin wannan yana da amfani ga mai ƙauracewa barasa. Ruwan inabin da aka matse yau, wanda suke kira mosto, cikin kwana ɗaya ko biyu yake fara tsimuwa da kansa. Idan an miƙo maka shi lokacin girbi, tambayi yaushe aka matse. Wanda babu shakka a kansa shi ne na kwalba mai rubutun succo d'uva, wanda aka dafa aka kashe yis ɗinsa. Duk kwalbar da ka ga kalmar fermentato ko lamba da alamar “% vol” a jikinta, akwai barasa.

Cikin gari

Garin titi ɗaya ne dogo, Corso, da ya tashi daga ƙofar Porta al Prato a ƙasa ya haura har dandalin Piazza Grande a ƙololuwa. Hawa ne na gaske, kan duwatsun da ke santsi idan an yi ruwa. A bar takalmin fata mai sulɓin ƙasa a masauki. Mai ciwon gwiwa ko dattijo ya hau ƙaramar bas da ke kaiwa sama, sannan ya gangaro da ƙafa yana kallo. Haka ma ya fi ga kowa.

A Piazza Grande akwai gidan hukumar gari, Palazzo Comunale, wanda magini Michelozzo ya sake wa fuska a ƙarni na 15. Ana biyan kuɗi kaɗan a hau hasumiyarsa, matakalar ƙunci gare ta, amma daga sama ana ganin kwarin Val di Chiana a gabas da Val d'Orcia a yamma. Babbar majami'ar da ke gefe ba a taɓa ƙarasa fuskarta ba, tubali ne tsirara har yau, a ciki kuma akwai babban zanen Taddeo di Bartolo na 1401. Rijiyar da ke dandalin, mai zakuna biyu na dutse a samanta, ta ƙarni na 16 ce. A ƙasan Corso akwai hasumiyar agogo mai mutum-mutumin Pulcinella, wani ɗan barkwanci na wasan kwaikwayon Italiya, da ke buga ƙararrawa kowace awa, a tsakiya kuma gidan shayi na Caffè Poliziano, wanda aka buɗe a 1868, yana da ƙaramar baranda mai kallon kwari.

Ƙarƙashin manyan gidajen garin an haƙa ɗakuna cikin dutse mai laushi, hawa-hawa, inda ake ajiye ganguna da suka fi mutum tsayi. Na gidan Contucci a bakin dandali da na De' Ricci suna cikin sanannu. Ciki akwai sanyi ko da tsakiyar Agusta, a riƙe rigar sanyi, kuma warin giya ya cika wurin. Hanyar fita ta kan biyo ta shagon sayarwa, inda za a yi maka tayin kofin giya. “No, grazie” ta wadatar.

Wanda zai ga gini ɗaya tak, ya gangara San Biagio, majami'ar da ke wajen ganuwa, tafiyar kusan minti 15 daga dandali. Antonio da Sangallo Babba ne ya zana ta, aka fara ginin a 1518, da farin dutse mai komawa ruwan zuma idan rana ta yi yamma. Tana tsaye ita kaɗai cikin ciyawa, ana iya zagaya ta a ga ƙubbarta ta kowane ɓangare. Dawowar dai hawa ce. A majami'u ana son a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda suturarmu ta riga ta cika, sai dai al'adarsu namiji ya cire hula.

Kwana na biyu ko na uku na Pienza ne, kilomita 14 daga yamma, garin da Paparoma Pius na Biyu ya sa aka sake gina tsakiyarsa daga 1459, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1996. Awa uku sun ishe shi. Nan ake sayen cukun madarar tumaki, pecorino. Ka ce a rufe maka shi sottovuoto, wato cikin leda da aka zuƙe wa iska, don kada ya cika akwati da wari.

Abinci, salla da tsarki

Toskana ƙasar alade ce, kuma ba koyaushe ake rubuta sunansa maiale a takardar abinci ba. Prosciutto, salame, finocchiona, pancetta, guanciale, salsiccia, lardo da strutto duk daga jikinsa suke, na ƙarshen kitsensa ne da kan shiga wasu burodi da kayan zaƙi. Cinghiale aladen daji ne, Cinta Senese kuma irin aladen yankin. Miyar nama ta ragù yawanci gauraye take, ana kuma zuba mata giya wajen dahuwa, haka ma shinkafar risotto da naman peposo. Busasshen biskit na cantucci shi kansa ba laifi, amma da ƙaramin kofin Vin Santo ake kawo shi, giya ce mai zaƙi. Tiramisù wani lokaci da barasa a ciki, caffè corretto kuwa kofi ne da aka ɗiga wa barasa.

Abin da za a ci hankali kwance yana da yawa. Pici taliya ce mai kauri da ake murzawa da hannu, fulawa da ruwa. A nemi pici all'aglione, mai miyar tumatir da wata babbar tafarnuwa marar zafi, ko cacio e pepe, mai cuku da masoro. Akwai pappa al pomodoro da panzanella, duka na burodi da tumatir da man zaitun. Ribollita miyar wake da kabeji ce, amma a tambaya ko an sa mata romon nama. Tambayar ita ce: “C'è maiale o vino?” Naman shanun Chianina da suke alfahari da shi ba yankan Musulunci ba ne, kowa ya bi fatawar da ya gamsu da ita. Burodin Toskana ba gishiri, haka ake yin sa, ba mantuwa ba ce. Gidajen abinci suna buɗewa daga wajen 12:30 zuwa 2:30, sai kuma 7:30 na dare. Tsakanin nan sai abin taɓawa. Kuɗin coperto da ke cikin rasit na zama ne, kowane kai, ba cuta ba ce.

Juma'a a yi ta a Roma, inda babban masallacin da aka buɗe a 1995 yake, sauran salloli kuma a masauki. Alƙibla ta sauya: daga Garwa gabas ake fuskanta a ɗan karkata arewa, daga Toskana kuwa kudu maso gabas ce. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, asuba kuma tun kafin 4, don haka a sabunta wuri a manhajar lokutan salla. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogon Italiya yana gaban na Kamaru da awa ɗaya, sauran watanni daidai suke. Banɗakin masauki kusan koyaushe yana da bidet, ƙaramin kwano mai famfo na tsarki, amma na gidajen shayi da tasha ba su da shi, sai a riƙe ƙaramar gorar ruwa a jaka. Ruwan famfo ana sha, sai inda aka rubuta non potabile.

Man zaitun da za a kawo gida a saye shi cikin gwangwani maimakon kwalba, a duba shekarar girbi a jikinsa, a naɗe shi cikin leda biyu a sa a akwatin da za a auna, domin a jakar hannu masu bincike za su iya karɓe duk ruwan da ya wuce mililita 100, musamman inda za a sauya jirgi. Katin rigakafin shawara kuma ya kasance tare da fasfo, ana tambayarsa a Duwala da Yawunde wajen shigowa.